Galahanga, miskilanci da otizim: rigimar suna a Zariya

A cikin bas ɗin da ke tasowa daga Samaru zuwa Sabon Gari na fara jin gardamar nan da kunnena. Ɗalibai ne mata biyu a kujerar bayana. Ɗaya tana ba da labarin yadda ta yi wa abokiyar ɗakinta tas saboda ta hargitsa mata jerin littattafai, sai ta rufe da dariya: "Ke ma kin san ni, otizim ɗina ne ya motsa." Ɗayar ba ta taya ta dariyar ba. Ta ce, "Don Allah ki daina faɗin haka. Ƙanena shekararsa 9, har yau bai taɓa buɗe baki ya ce Umma ba. Shi ne mai otizim. Ke iyayi ne kawai ke damun ki." Har muka wuce Kwangila ba wadda ta sake cewa uffan.

Ba a yi sati biyu ba na je gidan suna a cikin gari, ta wajen Ƙofar Doka. Ana cikin rabon waina aka kunna lasifika. Wani yaro da bai wuce shekara 6 ba ya dafe kunnuwansa biyu, ya fara lilo da jiki gaba da baya, can sai ya tsandara ihu ya nufi bango da goshi. Kafin uwarsa ta iso, an raɗa masa suna huɗu. Goggon mai jego ta ce sangarta ce, a bar mata shi kwana uku a ga aiki. Wata tsohuwa ta sassauta murya ta ce ɗan ruwa ne. Ta kusa da ni ta ce shafar aljanu ce, ruƙiyya yake buƙata. Wata 'yar boko ta gyara musu duka: "Galahanga ce, a rediyo ma an yi bayani." Uwar ba ta tanka wa kowa ba. Ta yaye mayafinta ta naɗe shi tsam, ta sungume shi zuwa zaure.

Tsakanin Samaru da Ƙofar Doka tafiyar 'yan mintuna ce, amma matsalar kalma a wuraren biyu ta sha bamban. A Samaru kalmar otizim ta yi araha har ta zama abin raha. A cikin gari ba ta ma iso ba, sai tsofaffin sunaye ke tsaye a gurbinta. Uwar yaron nan tana tsakiya, kowane ɓangare na cin ta.

Ita kalmar kanta baƙuwa ce ko a inda ta fito. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya ƙirƙiro ta wajen 1911 daga kalmar Girkanci mai nufin "kai", don ya siffanta majinyacin da ya janye ya shige cikin kansa. A 1943 Leo Kanner ya ɗauko ta a Baltimo ta Amurka ya ɗora wa yara 11 da ya lura da su: ba sa neman cuɗanya, suna maimaita magana, ba sa son a canza musu tsari. Shekara ɗaya bayan haka Hans Asperger ya rubuta game da wasu yaran a Biyana ta Ostiriya, masu iya magana tiryan-tiryan amma zama da mutane na ba su wuya. An daɗe ana ware waɗannan da sunansa, har 2013 da kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya tattara kowa a ƙarƙashin suna guda. Daga baya, a 2018, binciken tarihi ya fito da hannun Asperger a harkokin gwamnatin Nazi, sai da yawa suka ƙara gudun sunan.

A nan tushen rigimar yake. Kalma ɗaya yanzu ta rufe malamin jami'a da ke da mata da 'ya'ya amma ba ya iya zama a ɗaurin aure saboda hayaniya, ta kuma rufe saurayi ɗan shekara 20 da sai an yi masa wanka an ba shi abinci a baki. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa yaro 1 cikin 100 na da lalurar. A Amurka alƙaluman hukumar da ke sa ido kan cututtuka sun tashi daga 1 cikin 150 a shekarar 2000 zuwa 1 cikin 36 a 2020, kuma babban abin da ya jawo haka shi ne faɗaɗa ma'anar da kuma yawaitar gwaji. In rumfa ta yi faɗi haka, dole na cikinta su yi ta gardamar wa ya fi cancantar inuwa. Har wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya ba da shawara a 2021 a ware masu tsananin lalurar da suna na daban, iyaye da yawa suka yi na'am, wasu masu lalurar suka ce an sake raba su gida biyu ne.

Intanet ce ta kwaso ragowar kalmomin ta zube su a bakin matasa. A TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp na ɗalibai yanzu za ka ji "sitimin", "meltidawun", "maskin", "nonbabal". Masu lalurar da iyayensu na cewa ana yi musu sata. Masu aron na cewa harshe ba gonar kowa ba ce. Ni a ganina kalmomin ba nauyinsu ɗaya ba, kuma kuskure ne a yanke musu hukunci a dunƙule.

Ɗauki sitimin. Ana nufin motsin da mutum ke maimaitawa don ya daidaita kansa: kaɗa hannuwa, lilo da jiki, zagaye wuri ɗaya, gunjin da ba ya ƙarewa. Wannan kowa na da ɗan rabonsa. Dattijon da ke murza gemu yana tunani, ɗalibar da ke tauna murfin biro a ɗakin jarrabawa, ɗan kasuwar da ƙafarsa ba ta daina rawa in yana lissafi. Masu otizim da dama ba sa jin haushin a yi tarayya da su a wannan kalma, don tana sa a fahimci cewa abin ba aikin iska ba ne. Bambancin a yawa ne da buƙata, da kuma abin da ke biyo baya. Ba a taɓa zane wani don ya murza gemunsa ba. Yaron da ke kaɗa hannu a sahun masallaci kuwa ya san abin da ke jiransa a gida.

Meltidawun daban ce, kuma a nan nake tare da yarinyar da ta ɓata rai a bas. Hausa na da birgima, tana da bori, tana da rigima. Yaro mai birgima yana da abin da yake so, yana kuma satar kallo ya ga ko ana kula shi. Miƙa masa alawar, ko ka fita ka bar shi, nan take wasan ya ƙare. Abin da na gani a gidan suna ba shi da buƙata, ba shi da 'yan kallo. Ƙara da zafi da warin turare da cinkoson jiki sun taru sun cika yaron har ya tumbatsa, kamar tukunyar da ta tafasa ta fi ƙarfin murfi. Ko ka ba shi duniya ba zai tsaya ba sai abin ya sauka da kansa, duka kuwa ƙara wa wuta itace ne. Duk tarbiyyar yaron ta rataya a kan rarrabe waɗannan biyun, domin maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. To in kalmar da aka tanada don wannan bambanci ta koma abin da ake faɗa in an ɗauke wuta ana tsaka da cajin waya, ranar da uwa za ta faɗe ta gaban malamin makaranta, abin da zai ji shi ne "ɗan fushi". Kalmar ta tashi daga aiki ke nan. Abin dariyar shi ne, ko a Turanci su ma masu lalurar aro kalmar suka yi, da can ana faɗin ta ne ga narkewar cikin injin nukiliya. Don haka da'awar mallaka ba ta da ƙarfi. Hujjar da ta fi tsayuwa ita ce ta amfani: wani yana buƙatar kalmar don ya nemi taimako, wani ado kawai yake yi da ita.

Haka nonbabal. Kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na yara masu otizim ba sa magana, ko kuma 'yan kalmomi ƙalilan suke da su. Wanda ya gaji ya yi shiru na awa biyu ya ce ya "zama nonbabal" ya ɗauki rigar da ba tasa ba. Mu ma da namu kuskuren. Muna cewa bebe, kuma a tunaninmu bebe kurma ne, sai a zauna a gaban yaron ana tattauna shi kamar ba ya wurin, alhali yana ji sarai, sau da yawa ma yana fahimta. Ko kuma a ce nauyin baki ne, kawunsa ma sai da ya shekara 5, a yi ta jira har lokacin da taimako ya fi amfani ya wuce.

Maskin ce ta fi ba ni tunani, don a nan al'adarmu ta shigo da ƙafar dama. Ma'anarta ɓad-da-kama: mai lalurar ya haddace yadda mutane ke yi, ya riƙa kwaikwayo don kada a gane shi, ya koma gida a gajiye liƙis. Littattafan likitocin Turai suna lissafa ƙin haɗa ido a cikin manyan alamomi. A Zazzau yarinyar da ta sunkuyar da kai gaban manya yabon ta ake yi, wadda ta ƙura wa babba ido ita ce marar kunya. Gaisuwarmu ma a tsare take, ina kwana, lafiya lau, ya gajiya, ba gajiya, ana iya haddace ta kamar karatun allo. Saboda haka yarinya mai otizim na iya girma a ce mata mai natsuwa, ba wanda ya lura da komai. Dama ko a ƙasashen da ake yawan gwaji, maza da ake ganowa sun ninka mata sau 3 zuwa 4, kuma ana ganin ɓad-da-kama na cikin dalilai. Asiri kan tonu ne a gidan miji. Can ne ake magana da hannunka-mai-sanda, da habaici, da gugar zana, ita kuma magana a yadda aka faɗe ta take ɗauka. Uwar miji ta ce "ai ba sai kin zo ba", ita kuma ta yi zamanta. Daga nan suna ya canza: miskila, mai girman kai, ba ta da kara. Miskilanci kalma ce mai kyau, ta san hali ƙwarai, amma tana ɗauka cewa da gangan ake yi.

Wannan ne ya sa ban yarda da rabin maganar yarinyar bas ba, inda ta ce ƙanenta ne kaɗai mai abin. Wasu na cewa kada wanda ya taɓa kalmomin sai mai takardar likita. A Landan wataƙila wannan ya yi ma'ana. Otizim ba a gano shi da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa, sai ƙwararre ya zauna ya lura da mutum, ya bi tarihinsa tun yarinta. A nan wannan na nufin zuwa asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da kuɗin mota, da jiran layi, da tsoron a ce an gan ka a "asibitin mahaukata" ana gab da neman auren yayarka. Mafi yawan masu lalurar a garin nan za su rayu su mutu ba takarda. Wadda ta karanta bayani a waya ta ga rayuwarta a ciki, ta ce "ina zargin ina da shi", ba ɓarauniya ba ce. Abin da ya ɓata maganar ɗalibar da ta ce otizim ɗinta ya motsa shi ne dariyar, da mayar da abin wani ɗan hali da ke motsawa ya kwanta. Ƙanwar wannan magana ita ce "ai kowa na da ɗan otizim". Ana faɗin ta da niyyar lallashi, amma ƙarshenta shi ne: tunda kowa na da shi kuma kowa na haƙuri, kai ma yi haƙuri. Su kuwa samarin da suka mayar da kalmar zagi a wajen gardamar ƙwallo, ba wata muhawara a kansu. Dolo da gaula suka yi wa sabuwar riga.

Akwai wata gardama da ta cinye shekaru a ƙasashen Turanci wadda ba na jin ya kamata mu yi dakonta. Can ana faɗa kan ko a ce "mutum mai otizim" ko a siffanta shi kai tsaye da kalmar. Ma'aikatan lafiya sun fi son na farko, wai a sa mutum gaba da lalura. Wani ɗan gwagwarmaya mai lalurar, Jim Sinclair, ya yi rubutu a 1999 yana ƙin hakan, a kan cewa abin ba jaka ba ce da zai ajiye. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2016, wanda ya tambayi mutum fiye da 3,000, ya nuna rabuwar a fili: manya masu lalurar sun fi karkata ga siffa kai tsaye, ƙwararru sun fi son ɗayan. A Hausa "mai" ta kashe wannan wutar tun kafin ta kama. Muna cewa mai mota, muna cewa mai haƙuri, mai hankali, mai tsawo. Abin hannu da abin halitta duk "mai" ce ke ɗauke da su.

Tamu gardamar tana kan kalmar da ke zuwa kafin sunan: cuta ce, ko lalura, ko halitta? Wannan ba wasan nahawu ba ne. Duk abin da Bahaushe ya kira cuta, magani zai nema masa, kuma masu sayarwa na nan da lasifika a bakin kasuwa. Otizim yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne da ake tasowa da shi, gado na da babban hannu a ciki, kuma ba shi da maganin da ke kawar da shi. Abin da ke taimako shi ne koyar da magana ko wata hanyar isar da saƙo, horon kula da kai, da gyara wa yaro muhalli. Uwar da aka ce wa cuta ce za ta sayar da akuya da 'yan kunne tana neman waraka. Amma ban kuma goyi bayan masu cewa bambanci ne kawai kamar na bahago ba. Je ka faɗa wa matar da ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba cikin shekara 7. Lalura ta fi dacewa da bakina, don tana amsa cewa akwai nauyi ba tare da ta yi alkawarin magani ba.

Sai galahanga. Kafofin labarai na Hausa sun rungume ta, kuma an gode musu da suka nemi kalmar gida. Matsalar ita ce buhu ce da ake zuba komai. Ranar 21 ga Maris a ce ranar masu galahanga, ana nufin lalurar Dawun, wadda ƙarin ƙwayar halitta ta 21 ke kawowa. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa otizim tun 2007, a sake cewa galahanga. Ranar 6 ga Oktoba ma haka, alhali ita ta yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni ne, sau da yawa wajen doguwar naƙuda ko shawara mai tsanani, har gaɓoɓinsu suka sandare. Abubuwa uku ne masu sanadi daban da kulawa daban. Kuma hoton da kalmar ke kawowa a ido, na yaro mai dalalar da miyau da wuyan da bai tsaya ba, shi ke sa uban yaro mai gudu da tsalle da haddar Juz'u Amma ya ce ɗansa lafiyarsa ƙalau, taurin kai ne. A wancan gefen kuma akwai "masu buƙata ta musamman", mai ladabi, mai kyau a jawabin gwamnati, amma ba ta gaya wa malamin aji komai game da yaron da ke gabansa.

Mu ba baƙin gyaran suna ba ne. Mun ga yadda ƙanjamau ta ja baya a bakin ma'aikatan lafiya, "cuta mai karya garkuwar jiki" ta shigo, saboda ta farkon tana zana mutum a ƙanjame. Dokar ƙasa ma sai a Janairun 2023 ta rabu da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A Niyu Zilan, a 2017, wani masanin harshen Mawori mai suna Keri Opai ya ƙirƙiro wa otizim kalmar takiwatanga, wato mutum a nasa lokaci da nasa wuri, bayan ya tuntuɓi masu lalurar. Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin da ke da malaman Hausa da likitocin yara a jami'a ɗaya, bai kamata wannan aiki ya gagare shi ba. Sharaɗin dai a zauna da masu abin da iyayensu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma sabon suna kaɗai ba ya wanke zuciya, in raini na nan zai bi shi ya ɓata. Malamanmu sun daɗe da warware wannan. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana jifan juna da laƙabi, amma malaman hadisi sun yi ta ambaton A'amash da A'araj, mai raunin gani da mai ɗingishi, saboda manufar ganewa ce ba tozartawa ba. A ƙasar Hausa makafi da guragu suna da sarakunansu, suna kiran kansu da sunan ƙarara ba kwana-kwana. Abin da ya bambanta shi ne su suka riƙe sunan, da bakinsu suke faɗa. Masu otizim a garin nan ba su kai ga wannan ba tukuna, har yanzu wasu ne ke raɗa musu.

Na sake haɗuwa da uwar yaron nan bayan Sallah, a ƙofar wata Islamiyya, ta kawo shi a sa shi aji. Na ji yadda ta yi da malamin, kuma ba ta fara da suna ko ɗaya ba. Ta ce, "Malam, ba ya son ƙara. In ka ga ya toshe kunne, a bar shi ya fita zaure, zai dawo da kansa. Yana ji ko bai amsa ba. Don Allah kada a sa masa bulala, kuma a bar shi a wuri ɗaya kullum, kusa da ƙofa." Malamin, wani dattijo mai farin gemu, ya daɗe yana kallon yaron da ke jera takalman ɗalibai a layi, manya gefe, ƙanana gefe. Sannan ya ce, "To Hajiya, shi abin mene ne sunansa?" Ta ɗan yi jim, ta ce likita ya ce otizim. Ya maimaita sau biyu a hankali, ya buɗe rajista, ya rubuta shi da ajami a gefen sunan yaron.